Malam Ya Ce A Zo Da Hoto: Shawarwari Ga Iyayen 'Yan Makaranta A Sakkwato

A da, in malami ya ce a zo da hoton raƙumi ko na Sardauna, tsohuwar kalanda ce ke shan almakashi. Yanzu zance ya koma waya. Daga firamare har sakandare, yaro kan dawo gida da 'yar takarda: ranar Litinin kowa ya zo da hotuna biyar a kan tarihin jihadi, ko sassan jikin ɗan Adam, ko amfanin gonar jiharmu, a manna a kwali a yi bayani. Daga Mabera har Runjin Sambo labarin ɗaya ne. Sai daren Lahadi ake tunawa, a karɓi wayar Inna ko ta Yaya, a danna abin da ya fara fitowa, da safe a biya shagon kwamfuta a buga.

Abin da ya fara fitowa ɗin nan, nan gizo ke saƙar. Injin bincike ya san Landan da Dubai ciki da bai, amma Sakkwato sanin shanu ya yi mata. Hotunanta kaɗan ne a intanet, wasu kuma an laƙaba musu sunan da ba nasu ba. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba ta fi shi sanin Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake, nesa ba kusa ba. Saboda haka kada iyaye su janye jiki su ce su ba 'yan boko ba ne. Rabin aikin nasu ne.

1. A karanta takardar malam kafin a taɓa waya.

Hoto nawa ake so? Mai kala ko baƙi da fari? A kwali za a manna, ko turawa za a yi ta WhatsApp? Yaushe za a kai? In yaron ya manta, a tambayi malamin ko wani ɗan ajinsu. Sai a sa shi ya rubuta jerin hotunan da hannunsa. Wanda ya shiga intanet ba jeri, ya tafi neman hoton albasa, bayan awa guda ƙwallo za a tarar yana kallo, data kuma ta ƙare.

2. A kunna matatar hotuna, a kuma zauna kusa.

A cikin saitin Google akwai matata mai suna SafeSearch. Zaɓi uku gare ta: ta hana hotunan batsa fitowa gaba ɗaya, ta dusashe su, ko a kashe ta. A zaɓi na farko. Wanda ya saya wa yaro waya tasa ta kansa, manhajar Family Link za ta ba shi damar riƙe wannan saitin daga wayarsa. Sai dai matata ba ta kama komai. Darasin da ya fi jawo abin kunya shi ne na kimiyyar jiki. Yaro ya rubuta sunan wata gaɓa da zuciya ɗaya, abin da zai cika fuskar wayar sai an kau da kai. Irin wannan jingar babba ne ya kamata ya yi bincikenta. Ya ƙara kalmar diagram a bayan sunan don zanen littafi ya fito, ya ware uku ko huɗu, sannan ya kira yaron ya zaɓa.

A yi aikin a tsakar gida ko a falo inda ake kai da kawo. A kuma gaya wa yaro tun farko cewa in mugun abu ya faɗo, ya kife wayar ya kira babba, ba wanda zai taɓa shi. Yaron da ke tsoron bulala ɓoyewa zai yi.

3. A gwada sunan ta fuska fiye da ɗaya.

Wanda ya rubuta Sakkwato da wanda ya rubuta Sokoto ba abu ɗaya za su gani ba, a gwada duka biyun. Sunan Mujaddadi ma haka: Usmanu Danfodiyo, Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, da kuma rubutunsa na Larabci ga wanda ya iya. In aka rubuta Daular Usmaniyya kawai, masallatan Santambul na iya shigowa, don haka a haɗa da sunan garin. Jar akuyarmu a Turance Red Sokoto ake ce mata, 'yar uwarta ta tsallaken iyaka kuma da sunan Maraɗi take fitowa. Shanun gudali a neme su da Sokoto Gudali.

Mai neman tsofaffin zane-zane ya gwada Sackatoo. Haka Turawan farko suka rubuta sunan garin. Hugh Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya sake dawowa, ya mutu a kusa da garin a 1827, kuma a littafin tafiyarsa ta farko an buga taswirar ƙasar nan da aka zana masa a fadar Bello. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso a 1853, a littafinsa akwai zanen kasuwar Sakkwato ta wancan zamani. Yaron da ya kai waɗannan biyu aji ya kai abin da ko malamin wataƙila bai taɓa gani ba.

4. Babu hoton Shehu, kada a buga na wani a ce nasa ne.

Wannan ita ce babbar shawarar, kuma lissafinta ba wuya. Shehu Usmanu ya rasu a 1817. Ɗaukar hoto da kyamara sai a 1839 aka bayyana wa duniya shi a Faransa, shekara 22 bayan rasuwarsa. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, su ma duk sun riga kyamara barin duniya. To dattijon nan mai rawani da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wanda har a kan liƙa a bayan mota a sa a kalanda, ko wane ne shi, ba Shehu ba ne. Ko dai hoton wani bawan Allah ne na daga baya, ko zanen wani mai zane da ya ƙaga daga kansa. Abin takaici ne a ce a garin da kabarin Shehu yake, yara na manna fuskar wani suna rubuta sunansa a ƙasa, a kuma ba su maki.

Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan saurin kama yaro. Ya rubuta Bello Sokoto, sai hotunan Sardauna Ahmadu Bello su cika wayar, ya ɗauka ya rubuta Sarkin Musulmi Bello. Sardauna daga zuriyar Bello yake, shi ne Firimiyan Jihar Arewa da aka kashe a Janairun 1966, hotunansa na gaskiya suna nan birjik. Tsakanin rasuwar mutanen biyu akwai shekara 129.

To me za a kai in malam ya ce hoton Shehu? Abin kaiwa na da yawa: ƙofar Hubbare, Masallacin Shehu, shafi daga rubuce-rubucensa na hannun magabata, ko taswirar da yaron zai zana da kansa ta nuna Ɗegel, da Gudu inda aka yi hijira a 1804, da Tafkin Kwatto, da Alƙalawa da aka ci a 1808, da Sifawa, har zuwa Sakkwato. A ƙasa ya rubuta cewa Shehu ya rasu kafin a ƙirƙiro kyamara. In ana tsoron malam zai rage maki, uba ya rubuta masa layi biyu cikin ladabi. Malamin kirki zai ji daɗi, wataƙila ma ya karanta wa aji.

5. A bi sawun hoto kafin a yarda da shi.

Duk hoton da za a sauke, a yi masa tambayoyin da za a yi wa baƙon da ya yi sallama: daga ina, ɗan wa? A manhajar Chrome, in aka danne hoto da yatsa na ɗan lokaci, zaɓin bincikarsa da Google Lens zai fito, ya nuna sauran wuraren da aka yi amfani da shi. Shafin TinEye ma aikinsa ke nan, har yana iya jera su daga wanda ya fi daɗewa. Minti biyu ya isa a gane cewa ginin da aka ce fadar Sarkin Musulmi ce ashe ƙofar Gidan Rumfa ce ta Kano, ko masallacin ƙasan da aka ce namu ne ashe na Jenne ne a Mali, ko hasumiyar Agadas, ko Gobarau ta Katsina. Hawan Sallah kuwa ba a magana, dawakin Kano da na Zazzau sun sha amsa sunan Sakkwato.

Kafin Google Lens ma akwai na gida. A miƙa wa Kaka ko Kawu wayar: “Baba, wanga hoto Ƙofar Rini ce kuwa?” Wanda ya yi shekara hamsin yana ratsa wurin ba ya buƙatar manhaja. Haka fuskokin sarakuna. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, Ibrahim Dasuƙi zuwa 1996, Muhammadu Macciɗo zuwa 2006, sai Mai Alfarma Muhammad Sa'ad Abubakar daga 2006. Yaro ɗan shekara goma rawani kawai yake gani. Manya sun san kowa da fuskarsa.

6. Taswira ma tana tsufa.

An ƙirƙiri Jihar Sakkwato a 1976. An cire Kebbi daga jikinta a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Duk taswirar da ta sa Birnin Kebbi ko Gusau a cikin Sakkwato, ta tarihi ce. Ta yanzu ƙananan hukumomi 23 gare ta, a sa yaron ya ƙirga. Taswirar Najeriya a duba jihohi 36 da Abuja, ta Afirka kuma a nemi Sudan ta Kudu, in babu ita an zana ta kafin 2011.

Wannan rabuwar ce ke sa yara kawo kayan maƙwabta a jingar “albarkatun jiharmu”. Bikin kamun kifi na Argungu na Kebbi ne yanzu, haka albasar Aliero. Madatsar ruwa ta Bakolori tana Zamfara. Tamu ita ce ta Goronyo a kan Gulbin Rima, da simintin Kalambaina, da fadamun Wurno da Kware.

7. A kula da hoton da na'ura ta ƙaga.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba. A Maris 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zaga duniya, miliyoyin mutane suka gani, alhali manhaja ce ta yi shi. Yanzu irinsu sun shigo tarihinmu: mahaya da tutoci wai yaƙin Giginya na 1903, fuska sumul kamar an goge da mai. A ƙara girman hoton a dubi yatsun hannu, da ƙafafun dawaki, da linzami, da yadda rawani ya naɗu. A dubi rubutun Larabcin da ke jikin tuta ko allo. Ɗan Islamiyya na aji uku zai gane cewa baƙaƙen ba sa karantuwa. Manhajojin na ƙara ƙwarewa kullum, don haka waɗannan alamu ba za su dawwama ba. Abin da ba ya canzawa shi ne tambayar wa ya ɗauka, a ina, a wace shekara. Hoton tarihi da ba shi da amsar ko ɗaya daga ciki, a bar shi inda aka gan shi.

8. Kowane hoto da mai shi.

Ganin abu a intanet bai mayar da shi na kowa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba hoto kariya ta shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi. Dokar ta yi sassauci ga karatu da bincike, saboda haka kwalin da za a rataye a bangon aji ba zai kai kowa kotu ba. Amma in aikin ya fita daga aji, ya hau shafin makaranta na Facebook ko ya shiga mujalla da kalandar yaye ɗalibai da ake sayarwa, hukuncin ya canza. Ko ba doka ma, mu da muke koya wa yara cewa haƙƙin wani ba ya ciwuwa, bai kamata mu koya musu akasin haka a kan waya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a je inda masu hotunan suka riga suka ba da izini. Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗaukar hotunanta, an buɗe shi a 2004, yana da fayil sama da miliyan 100, kuma kowane hoto da shafinsa mai nuna wanda ya ɗauka da sharaɗin amfani. Ga tarihi, taswira da dabbobi, a fara da shi. Hotunan rana, wata da taurari a nemi na hukumar NASA ta Amurka, akasarinsu an sake su ga kowa. Pixabay, Pexels da Unsplash na da kyau ga 'ya'yan itace, motoci da makamantansu, sai dai kayan ƙasarmu ba su cika yawa a can ba. A Google ma, wajen tace hotuna akwai Usage rights, inda za a zaɓi masu lasisin Creative Commons.

'Yan baƙaƙen da ke jikin lasisin ga ma'anarsu. CC0, mai shi ya yafe gaba ɗaya. BY, a ambaci sunansa. SA, in an sauya hoton a sake shi bisa sharaɗi iri ɗaya. NC, ban da kasuwanci. ND, kada a sauya masa kama. Hoton da aka ga sunan kamfani kamar Alamy, Getty Images ko Shutterstock an shimfiɗa a kansa, na sayarwa ne. Kada a yanke tambarin ko a goge, a nemi wani.

9. A sauke uwar hoton, a bar 'yar samfurin.

Ƙananan hotunan da ke jere a shafin bincike samfuri ne kawai. A waya suna da kyau, a takarda sai su fashe su zama dishi-dishi. A danna hoton, a shiga shafin da yake, a sauke daga can. Ɗaukar hoton fuskar waya ma ba sauke hoto ba ne, yana zuwa da alamar batir da agogo, ga rashin kyau.

Girman hoto da fiksel ake auna shi, kuma wayar na nunawa a bayanan hoton. Wanda za a buga a girman katin hoto, santimita 10 da 15, in ya kai fiksel 1800 da 1200 zai fito tas. In babu, a nemi wanda dogon gefensa ya haura 1000. Mai 300 ko 400 ba zai yi ba sai dai a buga shi ƙarami ƙwarai. Gwajin gida shi ne a buɗa hoton da yatsu biyu, in rubutu ko ido ya narke nan da nan, to haka zai yi a takarda. Da an sauke a sa masa suna, a jefa shi a folda guda tare da sunan mai shi da shafin da aka samo, tun ba a manta ba.

10. Ba kowane koren maɓalli ake dannawa ba.

Wasu shafukan sukan jera manyan maɓallai masu rubutun Download, alhali talla ce. Sunan fayil ɗin hoto yana ƙarewa da jpg, png ko webp. In aka ga apk, manhaja ce ke neman shiga wayar, a fasa. Shafin da ya ce sai an sa lambar waya, ko lambar katin banki, ko lambar sirrin da aka turo ta saƙo kafin ya ba da hoton giwa, ɓarawo ne. Wannan ya fi muhimmanci in wayar da yaron ke riƙe da ita ce mai manhajar bankin gidan.

Batun data kuwa, hotuna goma masu kyau da wuya su haura megabait 30. Bidiyon da ke kunna kansa ne ke cinye kuɗin, shi da kayan zaurukan WhatsApp da ke sauka ba a gayyace su ba. A kashe saukar kai-tsaye a saiti.

11. In abin a garin nan yake, a fita a ɗauko.

Gani ya kori ji. Jingar da ta shafi sufuri, kasuwanci, sana'o'i, dabbobi ko noma, me zai sa a bugo gonar Amurka? Kasuwar Kara na nan da raƙuma, gudali, jar akuya da buhunan albasa. Fadamar Kwalkwalawa a hanyar jami'a na nan da masunta da masu noman rani. Ga majema da dukawa da maƙera a cikin gari, ga Masallacin Bello, ga filin Shehu Kangiwa. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu na ajiye da tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi da hotunan sarakuna, kuma yaro zai fi ƙaruwa da awa guda a can fiye da wuni a kan waya. Hoton da ya ɗauka da hannunsa ba mai tambayarsa lasisi, ba kuma mai ce masa ba nan ba ne.

A fita da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana ƙone hoto, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, waya ma kanta sai ta yi zafi ta ƙi aiki. Lokacin hunturu hazo kan dusashe abin da ke nesa, sai a matsa kusa. A goge idon kyamara da gefen riga mai laushi, a ba rana baya, gini da fili a kwantar da wayar a ɗauka.

Sai ladabi, wanda ya fi duk wannan. A yi sallama a nemi izini: “Baba, don Allah aikin makaranta ne, ko za mu ɗauki hoton kayan?” Akasari za a yarda, wani ma ya gyara zama ya ƙara da bayani. Wanda ya ƙi, a yi godiya a wuce. Matan aure da 'yan mata ba a ɗaukarsu ba da yardarsu ba. Almajirai da masu bara 'ya'yan wasu ne, ba kayan ado na kwali ba. A Hubbare da masallatai da gidan tarihi a tambayi masu kula da wurin inda aka yarda a ɗauka. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, gidan yari da filin jirgi kuwa, ko da wasa kada yaro ya ɗaga waya a wurin, musamman a halin tsaron da ake ciki.

12. A san abin da ake turawa, da wanda ake tura wa.

WhatsApp na matse hoto don ya yi saurin tafiya.  In bugawa za a yi, a tura shi a matsayin fayil ta wajen Document, ko a danna alamar HD da aka ƙara a 2023. In wayoyin na kusa da juna, Xender ko Bluetooth sun wadatar ba tare da data ba. Amma a lura da abu guda: hoton da aka ɗauka a gida aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin daidai inda aka ɗauke shi, in an bar kyamara tana adana wuri. A kashe wannan a saitin kyamara.

Jingar “iyalina” ko “gidanmu” ita ta fi buƙatar tunani. A tura wa malamin shi kaɗai, kada a zuba a zauren iyaye mai mutum ɗari da ba a san rabinsu ba. Kada hoto ɗaya ya haɗa fuskar yaro, bajen makarantarsa da ƙofar gidansu. Hoton 'ya'yan wasu kuma sai da yardar iyayensu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora izinin abin da ya shafi yaro a hannun iyaye ko mai riƙonsa. Matan gidan da ba sa son hotonsu ya fita, a mutunta ra'ayinsu, yaro ya zana bishiyar dangi da sunaye. Abin da ya riga ya fita ba ya dawowa, ko an danna gogewa wani ya riga ya adana.

13. A shagon buga hoto.

A je ranar Asabar. Safiyar Litinin layi ne, ga wuta ba tabbas, in an tada janareta kuma kuɗin bugu na iya ƙaruwa. A ce wa mai shagon ya jera hotuna huɗu ko shida a takardar A4 guda, ya kuma ja su daga kusurwa in zai ƙara girma, don kada raƙumi ya fito kamar an danne shi. A duba a fuskar kwamfuta kafin a buga. Taswira da zanen kimiyya baƙi da fari ya ishe su, a ajiye kuɗin kala ga wanda ke buƙata.

Kada a miƙa waya a buɗe a tafi sallah. A tura hotunan da ake so kaɗai. In an haɗa WhatsApp da kwamfutar shagon, a cire kafin a fita, a kuma roƙi a goge hotunan iyali daga kwamfutar. Filashin da ya shiga kwamfutar kasuwa kan dawo da cuta, kada a haɗa shi da wanda ke ɗauke da takardun gida. Wajen mannawa, ɗan gam a kusurwa huɗu ya isa, mai ruwa da yawa na sa tawada ta zube. Takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, ko da ta lalace wajen bugu, a dawo da ita gida a adana.

14. Yaro ya rubuta bayanin da kansa.

Ƙarƙashin kowane hoto layi biyu: mene ne wannan, a ina, wa ya ɗauka, daga ina aka samo. Misali: “Madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima. Hoto daga Wikimedia Commons,” sai sunan mai hoton da lasisinsa. In shi ya ɗauka, ya sa sunansa da kwanan wata. Kafin ya kai, a sa shi ya tsaya gaban mutanen gida ya yi bayanin kowane hoto da baki, da Hausa ma ya yi. Hoton da ya kasa cewa komai a kansa, a cire shi. Iyaye su daure kada su karɓe aikin, ko su biya mai shago ya haɗa komai. Kwalin da ya ɗan karkace amma yaron ya san abin da ke kai ya fi wanda aka tsara masa.

15. Mai hoto mai kyau ya ɗora don na baya.

Ƙarancin hotunan Sakkwato a intanet ba laifin kowa ba ne sai namu da ba mu ɗora ba. Buɗe asusu a Wikimedia Commons kyauta ne, kuma duk wanda ya ɗauki hoto da hannunsa yana iya sa shi. Ana ma yin gasar Wiki Loves Africa tun 2014 don irin wannan. Malamai, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na kwalejojin garin nan, da iyayen da ke da waya mai kyamara mai kyau, ku ɗauki ƙofofin gari, kasuwanni, kufan Surame da Alƙalawa, fadamu da sana'o'in hannu. Ku bar fuskokin yara da cikin gidajen mutane. In kun ɗora, ku rubuta sunan wurin da shekarar daidai, da Hausa da Turanci.